Yadda Ottokar Ya Koya wa Injin Dankali Jamusanci

Shinge ɗaya ne ya raba gidana da na Ottokar Knipping, kuma shingen na shuka ne, ba ya tare murya. Saboda haka babu wani kuri da mutumin nan ya taɓa yi a ƙauyenmu na Halbeke a nan Jamus da ban riga kowa ji ba, tun yana gwada shi a kan matarsa Waltraud kafin ya fita da shi gari. Babban kurinsa kuwa Turanci ne. Wai yana saurayi ya ɗan taɓa kai ƙwai barikin sojan Ingila da ke bayan tudu, har wani kuku ya dafa masa kafaɗa ya faɗa masa wata magana. Daga wannan dafa kafaɗar Ottokar ya naɗa kansa masanin Turanci. Har yau bai faɗa mana abin da kukun ya ce ba.

Abu ɗaya Ottokar yake so a duniya, kuma kowa ya san shi: kujera a teburin dattawa na mashayar ƙauye, wanda ke kusa da murhu. Ba a neman kujerar nan, ba ka ake yi, kuma ba ta samuwa sai wani ya mutu. Shekara da shekaru Ottokar yana tsaye a bakin kanta yana jefa wa teburin ra'ayinsa daga nesa, su kuma ko waiwaye ba sa yi. To a wannan shekarar tsoho Kaspar ya rasu, kujerarsa ta zauna ba kowa. Ottokar ya fi 'ya'yan mamacin kuka a wurin binne shi, amma ni da nake kusa na ga idonsa a bushe.

Ana nan bikin dankali ya matso. Mu matan ƙauye mu ke gurza dankalin wainar biki da hannu tun zamanin iyayenmu, kuma duk shekara sai mun bar fatar yatsunmu a jikin magurji. Muka ce bana mun gaji. Kwamitin biki ya sayo wani tsohon inji daga Ingila, ƙato, mai bel da ke jawo dankali da kansa daga tirela, ya wanke, ya gurza, ya zubo ta wani dogon bututu. Aka sauke shi a rumfar 'yan kwana-kwana, duk ƙauye aka fito kallo. Sai aka ga kowane maɓalli da ɗan allon ƙarfe a ƙarƙashinsa, rubutun kuma duk Turanci.

Herr Grewe, wanda shi ne shugaban kwamiti kuma shugaban teburin dattawa, ya sosa ƙeya ya ce, "Babu wanda zai taɓa wannan abu sai mun san abin da yake cewa."

Kafin ya rufe baki Ottokar ya ratsa mutane da kafaɗa. "Herr Grewe, wannan ai ba Turanci ba ne, wasan yara ne. Ni da na yi mu'amala da sojan sarauniya ido da ido?"

Alfons, shugaban 'yan kwana-kwana, ya ce, "Ƙwai ka kai musu, Knipping."

"Ƙwan da Jamusanci aka saye shi? Ku ba ni injin nan, kafin biki zai yi Jamusancin da ya fi na limamin coci. Kalmar Turanci ko ɗaya ba za ta kwana a Halbeke ba."

Herr Grewe ya dube shi daga sama har ƙasa. "Me kake so a ba ka?"

Ottokar ya yi ƙasa da murya, wai shi mai kunya. "Ai kujerar marigayi tana shan ƙura."

Can Herr Grewe ya ce, "Idan injin nan ya gurza mana dankalin biki duka ranar Lahadi, kujerar Kaspar taka ce." Suka yi musabaha a gaban jama'a, kuma a wurinmu abin da aka yi wa musabaha ya zauna ke nan.

Washegari Ottokar ya zo rumfa da sukurdireba da bokiti. Ni da Waltraud muna gefe muna wanke kaskunan suya. Muna gani ya kwance allunan ɗaya bayan ɗaya yana jefawa cikin bokiti, ƙwal, ƙwal, har jikin injin ya zama ramuka zalla.

Waltraud ta ce, "Ottokar, za ka tuna wurin kowanne?"

Ya buga goshinsa da yatsa. "Nan ne ofishin, mace. Abin da ya shiga nan ba ya fita."

"Haka ne. Ranar aurenmu ma tana ciki, ba ta taɓa fitowa ba."

"Ke wanke kasko. Fassara aikin maza ne masu zurfin tunani."

Ya aro ƙamus daga ɗakin karatu na gari, wani jibgege da sai da ya ɗauko shi a baro. Daga ranar unguwa ba ta sake hutawa ba. Ya kafa tebur a lambu, daidai jikin shingena, yana karanta kowace kalma da ƙarfi, yana gardama da ƙamus kamar da mutum. Ƙamus ya ba shi ma'ana biyar, sai ya ce masu ƙamus ragwaye ne, sun kasa tsai da magana ɗaya.

"Hiltrud!" ya kira ni wata safiya ina shanya. "Zo ki ƙaru. Kin ga wannan kalmar? Turancin gama-gari ce, ko jariri a Ingila ya san ta. Wannan kuwa ta injiniyoyi ce, ko a Ingila sai wane da wane."

"Kai kuma ka san su duka?"

"Kamar sunana."

"To me ya sa kake riƙe da ƙamus a juye?"

"Gwada ki nake yi."

Ba zan ci zalinsa ba, fassarar ta yi daidai, don ƙamus bai yi ƙarya ba kuma Ottokar bai tsallake ko harafi ba. Matsalarsa ba ya son gajeriyar kalma. A ganinsa gajeriyar kalma raini ce ga inji mai daraja. Inda Baturen Ingila ya rubuta 'yar kalma guntuwa, sai Ottokar ya haɗa mata uwa da uba da kakanni har ta kai tsawon cokali. Ko kalmar tsayawa, wadda kowa ke gane ta a bakin kowane titi, sai da ya kore ta ya kawo ta gargajiya. Ya kuma ƙi rubutu a takarda, wai takarda aikin 'yan koyo ce. Ya kai wa mai zanen ƙarfe a gari ya yi sababbin alluna daidai girman tsofaffin, shi kuma mai zane ya ƙanƙance haruffa har suka zama kamar sahun tururuwa don su shiga.

Tsofaffin allunan kuwa, ranar da motar kwashe bolar ƙarfe ke zuwa Ottokar ya wanke su tas, ya zuba su a durom ɗin da ya dace, ya tsaya a bakin titi yana ɗaga wa motar hannu. "Ku koma inda kuka fito!" in ji shi. Ni da kaina na yaba masa a ranar, don ba kowa ne a layinmu yake raba shara yadda ya kamata ba.

Sababbin alluna suka iso ranar Asabar, ana gobe biki. Muka kai wa masu aiki kofi a rumfa, sai muka tarar da Ottokar tsaye gaban inji, alluna cike da hannu, yana kallon ramuka, ramuka suna kallonsa. Duk girmansu ɗaya. Gumi yana bin bayan kunnensa duk da sanyin da ake yi.

Waltraud ta ajiye butar kofi ta ce, "An rufe ofishin ne?"

"Wa ya ce miki? Nazari nake yi."

"Na ga nazarin yana ɗiga ta haɓa."

Ya share fuska da hannun riga. "Ku saurara, ku mata. Duk mai hankali in zai jera maɓallai, daga hagu zai fara: kunnawa, a hankali, da sauri, ruwa, ɗaga bututu, sauke bututu, tsayawa. Ko ba haka ba?"

Na ce, "Mai hankali, i."

"To su Ingilishi ta wane hannu suke tuƙi? Ta hannun da ba daidai ba. Ashe komai nasu a juye yake. Sai in fara daga dama." Ya ɗaga yatsa sama. "Irin wannan ba a samunsa a ƙamus, sai wanda ya zauna da su."

Ya ɗaure allunan tamau. Ɗaya kaɗai ya tabbata da wurinsa, don ya fi sauran girma, shi ne na jikin akwatin wuta a bayan inji. Yana gama ɗaure na ƙarshe ya kai hannu zai gwada, sai ƙararrawar coci ta buga tsakar rana. Herr Grewe ya riƙe masa hannu.

"Knipping, lokacin hutu ne. Ko injin yankan ciyawa ba a kunnawa, balle wannan dodon."

Kafin hutu ya ƙare jami'in duba lafiyar injuna ya iso daga gari. Ya zagaya injin, ya karanta alluna da tabaron ƙara girma, ya girgiza kowanne ya ji bai motsa ba. Ya ce bai taɓa ganin tsabtataccen aiki irin wannan ba, ya ɗaura wa maɓallin wuta igiya da hatimi, ba za a kunce ba sai lokacin buɗe biki. Kafin a buga hatimin Herr Grewe ya ce ko za a jira hutu ya ƙare a ɗan gwada tukuna, sai Ottokar ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Gwaji? Gwaji na wanda yake shakkar aikinsa ne."

Lahadi bayan an tashi daga coci aka turo injin tsakiyar dandali, aka haɗa shi da tirela shaƙe da dankali. Mu mata muka jera kaskuna, mai yana tafasa, babbar robarmu tana ƙarƙashin bututu. Magajin gari yana layin gaba da sarƙar mulkinsa a wuya, matarsa da sabuwar hula mai gashin tsuntsu. 'Yan badujala suka hau dandamali, Ewald mai gyaran lantarki yana bayansu rungume da ƙaton ƙahonsa na tagulla. Ottokar ya sha kwat, ya yi jawabin da ba wanda ya nema, ya ce yau duniya za ta ga abin da ilimi yake yi.

Alfons aka ɗora a kan maɓallai, don a Halbeke babu mai bin ƙa'ida kamarsa. Mutumin da ko tsakar daji ya ga an rubuta kada a taka ciyawa, sai ya zagaya. Magajin gari ya yanke igiya, 'yan badujala suka tashi taken ƙauye, kowa ya miƙe. Alfons ya sa tabarau, ya bi allo da yatsa har ƙarshen kalma, ya cire tabarau, ya danna kunnawa.

Ruwa ya feso ta gefe ya wanke Herr Grewe daga gwiwa zuwa ƙasa.

"Wanke kansa yake yi!" in ji Ottokar da ƙarfi. "Haka injinan Ingila suke, tsabta kafin aiki!"

Alfons ya sa tabarau, ya nemo allon da ya ce ruwa, ya danna don ya kashe. Injin ya yi wani nishi, bel ya motsa, dankali ya fara hawa. Gurzajjen dankali ya zubo cikin roba lafiya lau, jama'a suka yi tafi, Ottokar ya rusuna ta kowace kusurwa. Robar ta cika kan ka ce kwabo.

Na ce, "Alfons, rage masa gudu, mu canza roba!"

Tabarau, yatsa, cire tabarau. Ya danna a hankali. Bututun ya ɗaga kai sama a natse, ya saita layin gaba. Dunƙulen farko ya sauka a kan hular matar magajin gari, ya kwantar da gashin tsuntsun. Na biyu ya samu magajin gari a ƙirji, daidai kan sarƙa.

"Tsai da shi!" Herr Grewe ya daka tsawa.

Kalmar tsayawa ita ce mafi tsawo a cikinsu, sai da Alfons ya ɗauki lokaci kafin ya kai ƙarshenta. Ya danna. Injin ya yi ƙara kamar jirgi zai tashi, bel ya zabura, dankali ya riƙa tsere zuwa sama. Abin da yake fitowa daga bututu ya daina zama dunƙule ya koma ruwan sama. Ya rufe layin gaba, ya tsallaka na biyu, ya kai har kan tebur ɗin kek.

"Ka danna tsayawa, Alfons!"

"Ita nake dannawa!"

"To danna wani!"

"A kan me zan danna da sauri alhali so nake ya tsaya? Ga shi a rubuce, Herr Grewe, karanta da kanka!" Ya sake danna tsayawa da duka tafin hannunsa, injin ya ƙara wuta.

Ottokar yana tsalle a gefe, dankali har cikin aljihun kwat. "Fassarar daidai take! Ku duba ƙamus! Injin ne bai saba da Jamusanci ba tukuna!"

Waltraud ta leƙo daga ƙarƙashin murfin kasko da ta kifa a ka. "Yi masa Turancin mana, masani! Faɗa masa abin da kuku ya faɗa maka!"

Wani ya yi ihu a cire wuta. Maza majiya ƙarfi suka ruga bayan inji, suka ci birki a gaban akwatin wuta, don a nan babban allon Ottokar yake, da Jamusanci tsantsa, kuma shi kam a wurinsa yake: an haramta wa kowa taɓawa sai mai gyaran lantarki mai takardar shaida. Suka tsaya cirko-cirko, hannu a baya, dankali yana sauka a kafaɗunsu. Mai takardar shaida ɗaya ne a Halbeke.

"Ewald! Ewald, sauko!"

Ewald ya zaro ido ta saman ƙaho ya girgiza kai. Ba a katse taken ƙauye a tsakiya, ba a taɓa yi ba ko a shekarar da dandamali ya karye. Taken namu kuma dogo ne, don wanda ya tsara shi bai bar ko rafi ɗaya bai yaba ba. Haka muka tsaya ƙyam muna rerawa, kowa baki a ɗan buɗe don kada dankali ya shiga. Bututun ya karkata ya sami bakin ƙahon Ewald ya riƙa ɗura masa. Sautin ya yi ta yin ƙasa, ya koma gurnani, ya koma kumfa, amma bawan Allah bai fasa busa ba. Ni dai dariya ta hana ni waƙa, hawaye da ruwan dankali suka haɗu a fuskata.

Ana kai baitin ƙarshe Ewald ya ajiye ƙaho, ya sauko a natse, ya ciro takardar shaidarsa ya nuna wa Alfons, sannan ya miƙa hannu ga akwatin wuta. Kafin ya taɓa, injin ya yi tari sau biyu ya yi ta juyawa wayam. Tirela ta ƙare.

Dandali ya yi fari fat. Yara suna dunƙula dankali suna jifan juna, karnuka suna zamewa. Waina ɗaya ba a ci a bikin dankali na wannan shekarar ba, in ban da 'yar robar farko da aka soya wa magajin gari don a rarrashe shi. Sauran jama'a markaɗaɗɗen tuffa muka sha da burodi, kuma gaskiya ban taɓa ganin bikin da aka yi nishaɗi irinsa ba.

Da yamma duk ƙauye aka cika mashaya, har mu mata, don a ga yadda za a ƙare. Ottokar yana tsaye a wurinsa na kullum a bakin kanta, ya yi laƙwas, karo na farko a rayuwarsa bakinsa a rufe. Sai da ya ba ni tausayi. Dattawa suka haɗa kai suna ta muhawara, wasu suna cewa a kore shi daga ƙauyen ma gaba ɗaya. Can Herr Grewe ya ƙwanƙwasa tebur, wandonsa har yanzu da danshi.

"Me na ce a gaban jama'a? Na ce idan injin ya gurza dankalin biki duka. Alfons, akwai wanda ya rage a tirela?"

"Ko ɗaya."

"To na yi musabaha a kai, kuma ban taɓa janye hannuna ba. Ottokar, zo ka zauna."

Ottokar ya waiwaya ya ga ko da wani ake. Sannan ya tako a hankali, ya ja kujerar Kaspar, ya zauna kamar mai tsoron kada ta fashe. Nan take kafaɗunsa suka dawo wurinsu. Ya gyara kwat, ya zaro wani silin dankali daga kunne, ya dubi mashaya baki ɗaya.

"Ai dama na sani. Yanzu bari in yi muku bayanin inda Ingilishi suka yi kuskure a ƙirar..."

"Ottokar." Herr Grewe ya ɗaga hannu. "Da yake daga nesa kake kallonmu, ba ka san dokar tebur ba. Sabon shiga saurare yake yi. Ba ya magana sai ya shekara."

"Shekara? Amma ni..."

"Ka yi magana, an fara lissafi daga farko."

Ottokar ya buɗe baki, ya dubi kujera, ya dubi bakin kanta, ya mayar da bakin ya rufe. Fuskarsa ta yi jawur, kumatunsa suka cika da maganar da ba ta da hanyar fita.

Waltraud ta ajiye kofinta, ta ratsa mutane har gaban teburin dattawa, inda mace ba ta saba tsayawa ba. Ta ɗan rusuna cikin ladabi.

"Herr Grewe, don girman Allah, in an tashi da dare, ana ba da aron kujerar nan a tafi da ita gida?"